Kangon manhaja: saurin da matasa ke saye da dalar Amurka, da aikin da ke jiran su a gida

A ranar 3 ga watan Disamba na 2025 masu kula da React, ɗaya daga cikin kayan aikin da aka fi gina shafukan intanet da su a duniya, suka sanar da gano wata ɓaraka da aka ba maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Mai kutse na iya aika saƙo guda zuwa kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, ba tare da kalmar sirri ba, ya sa ta aikata abin da ya ga dama. An fitar da faci a ranar. Kafin a yi kwana biyu, masu bin diddigin kutse, ciki har da sashen tsaro na kamfanin Amazon, suka ba da rahoton cewa an fara farautar shafukan da ba su riga sun yi facin ba.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya cewa wannan rigimar Amurka da Turai ce. Sai dai ɓarakar ta shafi wani kayan aikin mai suna Next.js, kuma a kansa ne aka gina da yawa daga cikin manhajojin da ake sayarwa rabi-da-rabi a intanet, waɗanda matasa masu rubuta manhaja a ko'ina cikin duniya ke saya su ƙarasa su sa sunansu.

Ba baƙon abu ba ne yanzu a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa a ga matashin da ya gama karatun kwamfuta ya shiga makaranta mai zaman kanta, ko farmasi, ko wurin babban ɗan kasuwa, ya buɗe kwamfutarsa ya nuna manhajar lissafin kuɗin makaranta ko ta ƙirgar kaya. Ba sayar da ita yake yi ba, haya yake ba da ita: a biya kaza duk wata, kamar abonman Canal+. Mai wurin yakan yi mamakin yadda yaro ɗaya ya yi aikin da a da sai kamfani, kuma cikin mako biyu ko uku. Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce bai faro daga ƙasa ba. Kango ya samu, an riga an tada bango, an sa ƙofa, an ja wuta, shi kuma ya tsara ɗakuna ya yi fenti.

Abin da ke cikin kangon

Duk manhajar haya, ko ta makaranta ce ko ta asibiti, tana buƙatar wasu abubuwa iri ɗaya kafin a zo ga aikinta na ainihi. Dole mutum ya iya yin rajista, ya shiga da kalmar sirri, ya sake ta in ya manta. Dole a san wanda ya biya da wanda bai biya ba, a rufe wa wanda kuɗinsa ya ƙare. Akwai aika saƙon imel, akwai rumbun bayanai, akwai shafin farko mai tallar kaya da farashi. Babu wanda ke biyan kuɗi don waɗannan, amma suna iya cinye makonni, kuma ƙaramin kuskure a cikinsu na iya buɗe gidan gaba ɗaya. Kangon manhaja shi ne waɗannan sassa a haɗe, wani ya rubuta su sau ɗaya yana sayar wa dubban mutane.

Sana'ar ta girmi surutun da ake yi a kanta. Tun 2016 Taylor Otwell, wanda ya ƙirƙiro Laravel, ya fitar da Laravel Spark don wannan buƙata. Masu aiki da Django suna da SaaS Pegasus na Cory Zue, masu aiki da Rails suna da Jumpstart Pro. Wanda ya sa maganar ta cika dandalin X da YouTube shi ne wani Bafaranshe mai suna Marc Louvion, da aka fi sani da Marc Lou, wanda ya fitar da ShipFast a watan Satumban 2023 da alkawarin cewa mutum zai kafa kamfaninsa cikin kwanaki maimakon makonni. Yana wallafa cinikinsa a fili, kuma bisa alƙalumansa akwai watannin da ya samu gomman dubban dalolin Amurka daga wannan kaya guda. Masu kwaikwayo suka yi ca. Akwai kuma na kyauta a GitHub, irin su Open SaaS da wanda kamfanin Vercel ya saki.

Abin lura a labarin Marc Lou shi ne inda kuɗin ya fito. Ya gina ƙananan manhajoji da dama kafin nan, amma wadda ta fi yi masa suna ita ce wadda yake sayar wa masu mafarkin kafa kamfani. Mai sayar da kango yana karɓar kuɗinsa ranar ciniki, ko mai sayen ya samu abokin ciniki ko bai samu ba.

Farashin irin su ShipFast yakan kama daga dalar Amurka 200 zuwa 300. A nan dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwa mai tamma biyar ba: dala 200 ta haura jika ɗari na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne. Ke nan abin da ɗan Paris ke kashewa bai ji a jikinsa ba, ga ɗalibin da ya fito daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko ta André Salifou ya zarce albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, kuma sai ya samu katin banki da ke wucewa a waje kafin ya biya.

Duk da haka, masu cewa sayen kango lalaci ne ba su yi adalci ba. Matashin da ke aiki shi kaɗai, ba shi da babba a sama da zai duba masa aiki, ya fi aminci ya ɗauki tsarin shiga da kalmar sirri wanda dubban mutane suka gwada, da ya ƙago nasa da tsakar dare. Karanta kango mai kyau ma makaranta ce: a ciki ake ganin yadda ƙwararru ke jera aiki. Kuma wanda ya gama cikin mako uku ya fi saurin gano ko akwai mai son kayansa, kafin ya ɓata shekara a kan abin da babu mai saye. Matsalar tana wani wurin daban.

An auna shi da katin banki

Sashen da ya fi tsada a kowane kango, wanda masu talla suka fi nunawa, shi ne na karɓar kuɗi. Kusan dukkansu an ɗaure su da Stripe, kamfanin da ƴan'uwa biyu ƴan ƙasar Ailan, Patrick da John Collison, suka kafa a Amurka. Tsarin yana da sauƙi: abokin ciniki ya sa lambar katinsa sau ɗaya, duk wata a cire kuɗi ba tare da an tambaye shi ba, in katin ya ƙi a sake gwadawa, in ya ci gaba da ƙi a rufe masa. Dukkan lissafin wanda ke da izinin shiga da wanda ba shi da shi a kan wannan yake tafiya.

Stripe ba ya buɗe wa kamfanin da ke da rajista a Nijar asusu. A 2020 ya sayi Paystack na Legas a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dalar Amurka miliyan 200, kuma ta wannan hanya ne yake aiki a Najeriya, Gana, Kenya, Afirka ta Kudu da Kodebuwa. Nijar ba ta cikin jerin. Ko da tana ciki, ƴan kasuwa nawa ne a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ke biyan wani abu da kati? Kuɗi a nan yana yawo ne a hannu, ko ta Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash, ko ta NITA da Amana, waɗanda suka zama tamkar bankin talaka.

Wasu na ɗauka gyaran ƙarami ne: a cire Stripe a sa wani. Akwai kamfanonin yankin da ke haɗa hanyoyin biya wuri guda, irin su CinetPay na Abijan, PayDunya na Dakar da FedaPay na Kwatano, kowanne da ƙasashen da yake aiki da hanyoyin da yake karɓa. Amma bambancin ya wuce sunan kamfani. A biyan kuɗi ta waya, galibi mai asusun ne ke tabbatar da kowane biya da lambar sirrinsa. Babu mai zare masa kuɗi yana barci. Wannan kaɗai ya juya tsarin haya: maimakon a cire duk wata, sai abokin ciniki ya sayi kwanaki, su ƙare, ya sake saya, kamar forfen intanet ko na'urar awon wuta ta Nigelec da ake zuba wa kuɗi kafin a sha. Manhajar na buƙatar ranar ƙarewa, saƙon tunatarwa ta SMS ko WhatsApp kwana uku kafin lokacin, da ƴan kwanakin uzuri don kada a rufe wa mai farmasi lissafinsa ranar da layi ya yi tsawo.

Sai kuma yadda mutane ke biya a zahiri. Mai makaranta yana samun kuɗi ne a watan Oktoba da lokacin da iyaye ke biyan kashi na biyu, don haka ya fi son ya biya na wata shida a dunƙule, ya huta. Ɗan kasuwar albasa ko wake aljihunsa na bin kaka. Wani zai ba da rabi yau, ya ce sauran sai ranar kasuwa. Wani zai aiko da kuɗi ta NITA da sunan yaron shagonsa, ya turo hoton rasit ta WhatsApp, sai an zauna an gane na wane ne. Babu kangon da aka rubuta a Bali ko San Francisco da ya san biyan rabi, ko biyan da wani ya yi a madadin wani, ko alfarmar mako guda saboda an yi rasuwa. Duk wannan sai an rubuta shi daga farko, kuma dole a warware tsohon tsarin kafin a sa sabo. Warware aikin wani yakan fi yin sabo cin lokaci. Sashen da aka biya jika ɗari dominsa shi ne na farko da ake cirewa.

Akwai hanyar kewaye da wasu ke bi, musamman masu son sayar wa ƴan waje. Stripe yana da wani shiri mai suna Atlas da ke yi wa mutum rajistar kamfani a jihar Delaware ta Amurka a kan dala 500. Ga wanda abokan cinikinsa ke Faransa ko Kanada, hanya ce mai ma'ana. Sai dai kamfanin Amurka yana zuwa da takardun Amurka: harajin shekara na jihar, kuɗin wakili, da wata takardar haraji mai lamba 5472 da ake buƙata daga kamfanonin da baƙi suka mallaka, wadda tarar rashin cika ta ta kai dala 25,000. A gida kuma, dokar canjin kuɗi ta ƙasashen UEMOA ba ta yarda mazaunin yankin ya riƙe asusu a waje ba sai da izinin hukumomin kuɗi. Bidiyoyin da ke koya wa matasa buɗe kamfani cikin mintoci ba su cika kaiwa wannan shafin ba.

Ƙananan abubuwan da ke ba da kunya

Sefa ba ta da santim a ciniki. Dala da yuro kuwa ana lissafa su da ɗari-ɗari, don haka kangaye da yawa suna ninka farashi sau 100 kafin su aika, su raba da 100 kafin su nuna. Wanda ya canja alamar kuɗi kawai bai duba wannan ba, jika biyar za ta iya fitowa a matsayin 500,000 ko 50. Stripe kansa ya sa sefa cikin jerin kuɗaɗen da ba a yi wa wannan ninki, amma rubutun da ke kewaye da shi ba lallai ya sani ba.

Shiga ma haka. Kango yana ɗauka kowa na da imel da yake dubawa, har wasu ba su amfani da kalmar sirri sam, sai dai su tura mahaɗi ta imel. Magatakardan makaranta a Tasawa ko Madawa lambar waya gare shi, kuma imel ɗin da aka buɗe masa ranar da ya sayi wayar ya daɗe da manta kalmarsa. Mayar da shiga ta koma ta lambar waya yana nufin biyan kuɗin kowane SMS.

Takardar ciniki ta fi waɗannan nauyi, don ita ta shafi doka. Hukumar haraji ta DGI ta shigo da tsarin faktir mai shaida, wanda ake fitarwa ta SECeF, ɗauke da lambar NIF da alamar QR, kuma harajin TVA na yau da kullum kashi 19 ne cikin 100. Rasit mai kyaun gani da kangon waje ke bugawa ba shi da wannan matsayi. Kamfanin da ke ƙarƙashin wannan tsari, in ya dogara da manhajar da ba ta haɗu da shi ba, shi zai amsa tambayoyin masu haraji, ba yaron da ya kawo masa ita ba. Ga wanda aikinsa lissafin kanti ne zalla, sau da yawa ya fi dacewa ya fara daga tsofaffin manhajoji na buɗaɗɗen rubutu irin su Odoo na Beljiyam ko Dolibarr, waɗanda aka daɗe ana amfani da su a ƙasashe masu Faransanci, Odoo ma yana da tsarin lissafi na OHADA a shirye.

Harshe kuwa, kangayen da Ingilishi suke zuwa. Fassara su zuwa Faransanci aiki ne, zuwa Hausa aiki biyu, duk da cewa kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wasu nau'o'in rubutun da ake ƙawata shafi da su ba su ma da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai su fito da ɗan akwati a madadinsu.

Sannan ga intanet da wuta. An gina waɗannan manhajoji a kan cewa haɗi ba ya yankewa. Wanda ya rayu a Nijar bayan Najeriya ta katse wutar da take ba ta a watan Agustan 2023, ko ya ga yadda intanet ta yi rauni a Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ya san darajar wannan zato. Shigowar Starlink a 2025 ta sauƙaƙa wa wasu ofisoshi, amma ita ma wuta take ci. Mai farmasi ba zai ce wa mai neman maganin zazzaɓi ya dawo in layi ya dawo ba. Manhajar da za ta ci gaba da aiki babu haɗi, ta daidaita lissafi daga baya, wani gini ne daban tun daga tushe.

Haya a kan haya

Kuɗin kango sau ɗaya ake biya, amma wurin da zai zauna haya ne, kuma da dalar Amurka. Yawancinsu an tsara su ne su zauna a Vercel, rumbun bayanansu a Supabase ko makamancinsa. Duka biyun suna da matakin kyauta, wanda shi ke ruɗar mai farawa. Na Vercel ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, na biya kuwa dala 20 ne duk wata ga kowane ma'aikaci. Na Supabase yana dakatar da aikin da ya yi mako ba a taɓa shi ba, na biya kuma yana farawa daga dala 25. Jimilla dala 45, wato kimanin jika 25 duk wata, kafin a zo ga sunan shafi da kuɗin SMS. In ana karɓar jika biyar daga kowane abokin ciniki, mutum biyar na farko masu gidan haya suke yi wa aiki. Shigar kuɗi da sefa take zuwa, a makare, wani lokaci rabi. Fitar kuɗi da dala take tafiya, a kan rana, kuma ranar da kati ya ƙi wucewa ba a jin roƙo.

Wanda ya iya zai iya ɗauke komai ya mayar kan kwamfutar haya mai rahusa da shi zai riƙa kulawa. Hakan yana rage kuɗi, yana kuma ɗora masa gadin ƙofa. A watan Maris na 2025 an gano wata ɓaraka a Next.js da ke ba mai kutse damar tsallake shingen tantance masu shiga ta hanyar ƙara layi ɗaya a saƙonsa. Shafukan da ke zaune a Vercel sun samu kariya daga kamfanin. Waɗanda ke riƙe da nasu da kansu ne suka kwana a buɗe har sai da suka yi faci.

Facin da ba ya zuwa da kansa

A nan ne maganar ta dawo kan labarin Disamba. Manhajar da ke cikin waya tana sabunta kanta da dare. Kango ba haka yake ba. Ranar da aka saye shi kwafi ake ɗauka, a yi ta canja shi har ya daina kama da na asali. In mai sayarwa ya gyara wani abu bayan wata shida, gyaran ba ya isa ga kwafin da ke aiki a wata makaranta a Birnin Konni sai mai shi ya je ya ɗauko, ya haɗa da hannu, ya tabbatar bai karya abin da ya ƙara ba. Ƙarƙashin kangon kuma akwai ɗaruruwan ƙananan sassa na wasu mutane, kowanne da nasa gyare-gyaren. Wanda bai karanta abin da ya saya ba, ranar da aka yi shelar ɓaraka ba zai ma san ko ta shafe shi ba.

Su kansu masu sayarwa ba ma'asumai ba ne. A watan Oktoban 2024 wasu masu rubuta manhaja suka bayyana a dandalin X cewa sun gano kafofin tsaro a shafin ShipFast, aka yi kwanaki ana cacar baki kafin a toshe su. Abin da rigimar ta nuna shi ne cewa yawan masu saye ba shaidar an binciki kaya ba ce. Shaida ce ta iya talla.

Haɗarin ya fi girma a manhajar haya saboda yadda ake ajiye bayanai. Galibi dukkan abokan ciniki rumbu ɗaya suke, abin da ya raba makarantar wane da ta wane ƴan layuka ne na ƙa'ida. In aka manta layi ɗaya, wannan makaranta na iya ganin sunayen ɗaliban waccan, da lambobin iyayensu, da wanda ake bi bashi. A farmasi ko ƙaramin asibiti abin ya kai ga wane ne ke shan wane magani, a garin da kowa ya san kowa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sake ta a ƙarshen 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke sa ido. Dokar ta ɗora nauyi a kan wanda ya tattara bayanan, ta kuma sa sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje. Rumbun da kango ke buɗewa da dannawa ɗaya yawanci a Turai ko Amurka yake. Mai makarantar da bai taɓa jin sunan Supabase ba, sunayen ɗalibansa na iya kasancewa a Frankfurt.

Ƙirƙirarriyar basira ta karya farashi

Tun 2025 kasuwar kango ta samu kishiya. Kayan aiki irin su Cursor, Claude Code, Lovable da Bolt suna rubuta shafin rajista da na biya cikin mintoci in an yi musu bayani da magana. A watan Fabrairun shekarar Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya bayyana wani salon aiki inda mutum ke karɓar abin da na'ura ta rubuta ba tare da ya karanta ba, maganar kuma ta bazu. Matashi na da dalilin tambayar me zai sa ya biya jika ɗari. Masu sayar da kango sun sauya talla, yanzu cewa suke kayansu tushe ne mai tsari da na'urar za ta yi gini a kai ba tare da ta yi ɓarna ba, kuma akwai gaskiya a ciki.

Ga masu rubuta manhaja a Nijar wannan sauyi yana da amfani na zahiri, domin aikin warware Stripe da rubuta tsarin sayen kwanaki ya ragu sosai. Amma sauri ya ƙaru, karatu bai ƙaru ba. A 2025 wani bincike da aka yi kan manhajoji 1,645 da aka gina da Lovable ya samu 170 da ke barin baƙo ya karanta bayanan masu amfani da su, saboda ba a kafa ƙa'idar raba bayanai daidai ba. Irin layin da aka ambata a sama ne.

Abin da mai biya zai tambaya

Alhajin da aka kawo wa manhaja ba ya buƙatar sanin React. Tambayoyin da ya saba yi wa wanda zai ba ajiyar kaya sun isa. Ɗana, in ka samu aiki a Yamai ko ka tafi karatu waje, wa zan kira? Bayanaina suna wace ƙasa? In na daina biya, za ka ba ni lissafina a takardar Excel, ko ya tafi ke nan? Yaushe ka yi faci na ƙarshe? Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da ɓacin rai ba. Akwai kuma batun mallaka: lasisin yawancin kangayen kuɗi yana ba mai saye damar gina manhajoji da su, amma ya hana shi sake sayar da rubutun kansa ko raba shi. Don haka in abokin ciniki ya ce a ba shi rubutun gaba ɗaya ya riƙe, mai yiwuwa matashin ba shi da ikon bayarwa, kuma gara a san haka kafin a sa hannu.

Ɓangaren da ya fi wahala, wato karɓar kuɗi daga hanyoyi barkatai, shi ne wanda ake sa ran zai sauƙaƙa. Ranar 30 ga watan Satumba na 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin PI-SPI, wanda manufarsa ita ce kuɗi su wuce nan take tsakanin banki, asusun waya da ƙananan cibiyoyin bashi a ƙasashe takwas na UEMOA. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025 amma tana cikin UEMOA, don haka tsarin ya shafe ta. Amfaninsa ga mai manhajar haya ya danganta ga cibiyoyin da suka shiga da kuma ƙofar da suka buɗe wa ƙananan kamfanoni. In ya zauna da gindinsa, mai manhaja a Tawa zai iya karɓar kuɗin abokin ciniki na Wagadugu ko Bamako ta ƙofa ɗaya, kuma kasuwar da ke magana da Faransanci, take lissafi da OHADA, take biya da sefa, ta fi ta Nijar kaɗai girma nesa ba kusa ba.

A irin wannan kasuwa, sashen da kowane matashi ke sake rubutawa shi kaɗai a ɗakinsa, wato shiga da lambar waya, sayen kwanaki, biyan rabi, tunatarwa ta WhatsApp da faktir ɗin DGI, shi ma iri ɗaya ne daga wannan manhaja zuwa waccan. Cibiyar CIPMEN da ke rainon ƙananan kamfanoni a Yamai tun 2014, da sassan koyar da kwamfuta na jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, suna da ɗaliban da kowace shekara ke neman aikin kammala karatu. Rubuta waɗannan sassa sau ɗaya, a sa su a fili kowa ya duba ya gyara, aiki ne da bai fi ƙarfin aji guda ba. Riƙe su, da yin faci duk ranar da aka yi shela irin ta 3 ga Disamba, shi ne zai buƙaci wanda ake biya albashi.